Gataf na Bakin Teku

Aikina a Doha tuƙi ne. Direban gida nake a Gharrafa, wajen wani dattijo ɗan ƙasa wanda 'ya'yansa suka girma kowa ya kama gidansa, suka bar shi da matarsa da mu masu aiki. Babban ɗansa ne kafil ɗina, wato mai riƙe da takardun zamana a ƙasar, amma tsohon nake yi wa hidima, kuma Baba nake ce masa. Ɗakina yana jikin katanga kusa da ƙofar shiga, taga ɗaya gare shi, tana kallon inda nake wanke mota.

Baba ba mai yawo ba ne. Daga masallaci sai asibiti sai majalisar abokansa. Amma da zarar sanyi ya shigo, in Asabar ta yi sai ya ce in zuba ƙugiya da tabarma da butar gahawa a mota mu yi kudu. Mukan wuce Wakra, mu wuce Misa'id, inda kwalta ta ƙare in sauka in rage wa tayoyi iska, sannan mu faɗa rairayi. Ba ma bin hanyar samarin da ke wasa da mota a kan tuddai. Akwai wani ɗan lungu tsakanin tuddan yashi biyu, wanda in ba ka sani ba za ka rantse a toshe yake. Ta nan muke kutsawa, mu yi kwana, sai ga teku shimfiɗe a gabanmu, ba kowa, ba ko sawun mutum.

Ranar da ya fara kai ni, na nufi bakin ruwa kai tsaye don in rage masa tafiya. Sai ya buga hannunsa a gaban mota.

"Bas! Tsaya nan."

Na ce, "Baba, ai da saura."

Ya ce, "Sauka ka buɗe idonka."

Na sauka. Tsakaninmu da ruwa wani fili ne cike da wani ɗan tsiro da ya kwanta a ƙasa. Mafi tsayinsa bai kai gwiwa ba, wani ma iyakarsa idon sawu. Ganyensa ƙanana ne masu kauri, toka-toka kamar an barbaɗa musu gari. Kowane tushe ya tara 'yar tsibin yashi a gindinsa ya zauna a kai. Baba ya duƙa da ƙyar ya tsinki ganye ɗaya ya miƙo mini, ya ce in lasa. Gishiri ne zalla.

Ya ce, "Sunansa gataf. Shi ke riƙe da yashin nan. In ka bi ta kansa da mota, sai an yi shekara da shekaru kafin ya dawo, in ma ya dawo. A nan ubana yake tsayar da raƙumi, a nan za ka riƙa tsayar da mota."

Gaskiya a ranar ban ga abin a zo a gani ba. Ni mutumin Kumasi ne, ƙasar da in ka soka sanda a ƙasa ka manta da ita sai ka dawo ka tarar ta yi ganye. A wurinmu irin wannan ko akuya ba za ta ɗaga kai ta kalle shi ba. Na dai bi umarni. Na riƙa ajiye motar can baya, in ɗauko kaya a ka, in bi tsakanin tsibin yashin ina zaɓen inda zan sa ƙafa, Baba yana biye da sandarsa. Sai da ƙarshen sanyi ya zo na gane abin da yake gani. Muka ɓullo daga lungun nan wata Asabar, filin duka ya canza launi. Ƙananan furanni, ja-ja mai sirkin shunayya, sun rufe kowane tushe, tun daga ƙafata har inda ruwa yake lasar yashi. Na taɓa ɗaya, a bushe yake kamar takarda. Ban san abu mai fita daga gishiri zai iya yin kyau haka ba.

Ina da ɗan'uwa a Doha, ko da yake ba na jini ba. Gida ɗaya muka tashi a Zangon Kumasi, irin gidan hayar nan mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan ƙarami, uwata ta haɗa mu a kwano ɗaya. Mma nake ce mata, shi ma Mma yake ce mata. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi, kuma in ta raba mana ƙosan da ya rage ba ta taɓa ba ni wanda ya fi nasa ba. Ni na riga shi zuwa Doha, ya biyo ni daga baya ya kama tuƙin tasi. Yana zaune a Fereej Abdel Aziz, a wani ɗaki mai gadaje sama da ƙasa, shi da wasu 'yan Zango. Ranar Juma'a in na samu hutu can nake wuni, a tuƙa tuwo da miyar ayoyo, a ci ana musun ƙwallo. Mutum ne mai daɗin baki. In ya fara ba da labari har na ɗakin maƙwabta sukan leƙo. Ni kuwa tun muna yara ba ni da yawan magana, shi ke yi mana ita mu biyu.

Sai korona ta zo. Aka rufe masallatai, ladan yana kiran salla yana cewa kowa ya yi a gidansa. 'Ya'yan Baba suka kafa masa doka, ko ƙofar gida ba ya takawa. Tasi ta tsaya cik. Ɗan'uwana ya koma kwanciya a ɗaki ba aiki, ni kuwa in an aike ni sayayya sai in biya ta unguwarsu in ajiye masa shinkafa da mai a bakin ƙofa, mu gaisa daga nesa da takunkumi a fuska.

Ina wanke mota da hantsi ƙanwata ta kira daga gida. Da na ji yadda ta ce "Yaya" na san ba lafiya. Mma ta kwana biyu da zazzaɓi, ba wanda ya gaya mini don kada hankalina ya tashi, da asuba ta cika. Ba jirgi, an rufe iyakar Ghana. Kafin in gama fahimtar abin da aka faɗa mini har an kai ta makwancinta. Na zauna a ƙasa jikin taya, ruwa yana ta zuba daga tiyo ban kashe ba.

Baba ya hango ni ta tagar sama. Ya sauko duk da dokar 'ya'yansa, ya tsaya can nesa da ni ya tambaye ni abin da ya faru. Na gaya masa. Ya daɗe yana yi mata addu'a, sannan ya ce, "Kana da wani naka a garin nan?"

Na ce akwai ɗan'uwana, ita ta rene mu tare.

Ya ce, "In ranar addu'arku ta zo, ɗauki motar nan, ɗauki ɗan'uwanka, ku tafi wurin gataf. Can ba wanda zai ce kun yi taro."

Ranar addu'ar uku kuwa ya sa aka sa mini kwalin dabino a mota. A lokacin mota ba ta ɗaukar fiye da mutum biyu, mu kuma dama mu biyun ne. Ɗan'uwana bai yi magana ba tun daga Fereej Abdel Aziz har muka bar kwalta, abin da ban taɓa gani ba a tare da shi. Na tsayar da motar inda aka koya mini. Ya buɗe ƙofa zai miƙe kai tsaye, na riƙo hannunsa na nuna masa inda zai taka. Furen yana kan ganiyarsa. Muka shimfiɗa tabarma a wani ɗan tudu a tsakiyar filin, muka fuskanci alƙibla, teku tana bayanmu. Muka karanta Yasin, muka yi ta jan Ƙulhuwa, muka roƙa mata gafara. A gida da tsakar gidanmu ta cika maƙil da mata da malamai, ana rabon masa da goro. A nan daga mu sai iska.

Shi ya fi ni kuka. Ya kifa kansa a gwiwa yana cewa, "Uwa biyu Allah ya ba ni, duka biyun ban ga an rufe su ba." Ni na koma mai rarrashi. Da ya natsu ya share fuska, ya dubi filin nan ya ce, "Ɗan Mma, tunda ba mu ga kabarinta ba, nan ne wurinta a ƙasar nan. Daga ni sai kai sai Allah." Ban roƙe shi ya faɗi haka ba. Daga bakinsa ta fito.

Dabinon sadaka ba mu sami wanda za mu ba a can ba. Sai a hanyar dawowa muka ba wasu bayin Allah da ke gadin wurin da ake ƙara wa taya iska, suka karɓa da hannu biyu ba su san ko ta wace ce ba.

Daga nan wurin ya zama wani abu a gare ni. Na san sarai Mma ba a can take ba, tana kwance a jar ƙasar Kumasi. Amma mutum yana son inda zai je ya zauna in abin ya taso masa, ni kuwa ba ni da ko'ina. Baba ya gane haka, yakan bar mini mota jefi-jefi. In na je sai in yi mata addu'a, in tsince robobin da ruwa ya turo, in zauna ina kallon tsiron nan. Na san shi a duk halinsa. Na gan shi da zafi, lokacin da iska kanta take ƙuna, ya ƙanƙance ya yi kamar ya mutu. Na gan shi bayan ɗan yayyafi ya fito da sabon ganye. Na taɓa tona gefen wani tushe da yatsa don in ga saiwarsa, na yi ta bi ban kai ƙarshenta ba, na mayar da yashin. Wani lokaci ɗan'uwana yakan raka ni. Shi ma ya iya hanyar, har yana tsokanata cewa in ya rufe ido zai kai mu.

Da aka fara buɗe gari bai koma tasi ba. Ya samu aiki a wani kamfanin da ke kai baƙi yawo cikin sahara, a hau tudu da jif a gangaro suna ihu, a kai su bakin ruwa su ɗauki hoto. Aikin ya dace da shi, ga hannu a sitiyari ga baki. Na yi masa murna. Wata Juma'a muna cin abinci yake ba da labarin yadda kamfanonin suke rububi, kowa wuri ɗaya yake kai mutane, su kuwa baƙi kullum tambayarsu ita ce ko akwai inda ba a taɓa zuwa ba. Da ya fito raka ni na ce masa, "Ka dai tuna."

Ya tsaya ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Haba, ɗan Mma! In na yi haka da wane ido zan kalle ta ranar gobe?"

Har kunya na ji da na tambaya.

Gasar cin kofin duniya ta matso, Doha ta zama wani gari daban. Tutoci a kowane titi, hanyoyin da na sani an rufe su an buɗe wasu. Gidan Baba ya cika da baƙi, dangi daga ƙasashen maƙwabta, ni ke ɗauko wannan in sauke wancan. Na yi watanni ban leƙa kudu ba. Ɗan'uwana ma ya yi wuyar gani. In na kira sai ya ce yana tuƙi, zai neme ni. Ban kawo komai a raina ba, kowa a garin haka yake a lokacin.

Baba kuwa tun da cutar ta taɓa shi a shekara ta biyu bai koma daidai ba. Numfashinsa ya rage, tafiya sai da riƙo. Ya daɗe bai ambaci teku ba. Ana tsakiyar gasar, gida ya cika da hayaniyar masu kallon ƙwallo, sai ya kira ni da safe ya ce, "Waladi, ɗana, kaina ya gaji. Kai ni wurin gataf. Ba sai ka ɗauki ƙugiya ba, zama kawai zan yi."

Tun kafin mu kai lungun na ga abin da ban gane ba. Sawun tayoyi a kan sawun tayoyi, sun yi hanya fetal kamar titi. Bakin lungun da mota ɗaya take shiga da ƙyar ya buɗe, gefen tudun ya zube. An kafa 'yan tutoci a jere suna nuna hanya. Na dubi Baba ta madubi, shi ma ni yake kallo. Na ci gaba a hankali, muka yi kwanar nan.

Motoci ne a jere har bakin ruwa. An kafa tantuna, an shimfiɗa dardumai da matasai, ga wani ƙaton allo ana nuna wasa, janareta yana ruri. Wasu suna zagaye da babura masu ƙafa huɗu, suna tayar da yashi. Filin gataf kuwa babu shi. An bi ta kansa an sake bi har ya zama fako. Can da can kana ganin guntun itace baƙi ya leƙo daga cikin sawun taya, ko wani tushe da aka tumɓuke, saiwarsa a sama. 'Yan tsibin yashin nan duk sun baje. Sai a can gefe, inda ƙasa ta yi laushi mota ba ta iya bi, wasu tsiraru suka tsira.

Na tsayar da motar a inda na saba, ko da yake ba sauran abin da zan kare. Na ce, "Baba, ina zuwa." Ban san me zan je yi ba. Ina dai son in ga wa ya yi wannan, a raina ina cewa wataƙila wani ne ya bi sawu ya gano wurin.

A kan ɗan tudun da muka shimfiɗa tabarma na hange shi. Ya sa farar doguwar riga da ƙyallen ka irin na Larabawa. Baƙi sun kewaye shi, maza da mata, da rigunan ƙwallo kala-kala, wayoyinsu a sama. Na matso ta bayansu. Da Turanci yake magana, da muryar nan tasa ta ba da labari wadda na sani tun muna yara. Yana gaya musu cewa wannan wuri ba kowa yake kawowa ba. Wai lokacin korona uwarsa ta rasu a Afirka, ba jirgi, bai samu zuwa ba. Wai ya shiga mota shi kaɗai yana kuka yana tuƙi bai san inda za shi ba, har Allah ya kawo shi nan, ya tarar da fure ya rufe ƙasa. Ya ce a daidai inda yake tsaye ya durƙusa ya yi mata addu'a. Har koko da ƙosai sai da ya sa a ciki. Wata mata tana share hawaye ta ƙarƙashin tabarau. Yadda maganar take fita sumul, da inda yake tsayawa ya ja numfashi, na san ba yau ya fara faɗinta ba.

Sai idonsa ya faɗa kaina. Maganar ta tsinke masa. Amma bai daɗe ba ya buɗe hannuwa ya ce musu ga ɗan'uwansa nan, uwa ɗaya ta rene mu. Suka juyo gaba ɗaya suna murmushi, wani ya dafa kafaɗata, matar nan ta ce mu tsaya tare ta ɗauke mu hoto. Ya taho zai rungume ni, yana cewa da Hausa a hankali, "Ɗan Mma, don Allah, ba a nan ba. Zan yi maka bayani."

Na ja da baya. Na juya na koma mota, ina taka duk inda ƙafata ta faɗa.

Baba ya sauke gilashi yana kallon komai. Da na zauna ya ce, "Wancan mai farar rigar, shi ne ɗan'uwan naka?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. Na jira ya yi faɗa, da ma ya yi, da na samu sauƙi. Sai ya ɗaga gilashin ya ce, "Kalas, ya isa. Yalla, mu koma gida." Shi ne tun farko ya ce in je da ɗan'uwana, bai kuma taɓa ɗora mini laifi ba, amma daga ranar bai sake cewa in kai shi teku ba, ni ma ban iya tayar da zancen ba.

Juma'ar da ta biyo baya ɗan'uwana ya matsa sai mun haɗu. Muka zauna a wani ɗan shagon shayi a Fereej Abdel Aziz bayan an sauko daga masallaci. Ya sayo shayin karak kofi biyu, nawa ya huce a gabana. Ya fara da cewa ba haka ya so ba. Da farko wasu mutum biyu kawai ya kai, masu hankali, ya ajiye mota a baya kamar yadda na nuna masa. Su suka sa hoton a waya. Manaja ya gani ya ce sai ya nuna wurin, in ba haka ba akwai masu jiran aikinsa. Daga nan abin ya fi ƙarfinsa.

Na ce, "Mutum biyun farkon, su ma manaja ne ya sa ka?"

Ya kawar da kai.

Na ce, "Labarin Mma fa? Shi ma manaja ne?"

A nan ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ƙarya na yi? Ba ta mutu ba? Ban yi kuka ba? Ko kai kaɗai ta rena?"

"Ka ce kai kaɗai ka je."

"To sai me? Labari ne, mutane suna son ji." Ya tura kofinsa gefe. "Bari in gaya maka gaskiya. Kai kana da ɗaki da albashi ko ana korona ko ba a yi. Ni na kwanta watanni ina jiran ka ajiye mini shinkafa a bakin ƙofa kamar mabaraci. Gasar nan wata ɗaya ce, in ta wuce ta wuce. Kana so in zauna ina gadin ciyawa? Ciyawa ce fa! Mma tana Kumasi, ba ta cikin yashin Larabawa. Wurin nan na ubanka ne ko na ubana? Gobe kafil ya ce ka tafi, da shi za ka shiga jirgi?"

Abin da ya fi yi mini zafi shi ne akwai gaskiya a maganarsa. Wurin ba nawa ba ne, ko tafin hannu ba ni da shi a ƙasar nan. Kuma ban taɓa sanin shinkafar da nake ajiye masa tana yi masa ciwo ba. Amma ba ni na ce daga ni sai kai sai Allah ba. Na gaya masa haka. Na ce, "Da ka zo ka ce mini ɗan'uwa an matsa mini, zan kai su, da na ji zafi amma da na san da wa nake tare. Ka bar ni na kai tsohon nan ya gani da idonsa."

Ya ce, "Da na gaya maka da ka hana."

Na ce, "Shi ya sa ba ka faɗa ba." Na tashi na bar masa shayinsa.

Gasar ta ƙare, baƙi suka watse, aka sauke tutoci. Na ji a bakin 'yan ɗakinsu cewa kamfanin ya kwashe tantunansa, don da gataf ya tafi yashin ya saki, iska ta riƙa turo shi cikin kayan abinci, wurin ya zama kamar ko'ina. Na daina zuwa tuwon Juma'a. Da aka tambaye ni dalili na ce aiki ne. Sau ɗaya na gwada yi wa wani dattijo ɗan Zango bayani, ya saurare ni har ƙarshe sannan ya ce, "Yanzu a kan tsiro za ku raba zumunci?" Daga nan ban sake gaya wa kowa ba.

Shi ya riga ni zuwa gida. Hutuna ya yi ta ja saboda jikin Baba, shi kuwa ana gama gasar ya tafi. Ƙanwata ta kira ni tana murna. Ta ce ɗan'uwana ya iso, washegari ya ce a kai shi maƙabarta, ya daɗe a tsaye yana kuka. Ya tara malamai an yi sauka, ya ciyar da unguwa da sunan Mma. Ta ce, "Kowa sai sa masa albarka yake. Wallahi ka yi sa'ar ɗan'uwa." Na ce madalla, Allah ya karɓa. Me zan ce mata?

Da zai dawo ta ba shi saƙo ya kawo mini. Ya kira ya ce in zo ɗakinsu in karɓa, na ce mu haɗu a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib, ina da aike a wajen. Na same shi a tsaye jikin ginshiƙi da leda a hannu. Ya yi ƙiba, ya ɗan yi duhu da ranar gida. Muka gaisa, na tambaye shi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, yana amsawa. Ya miƙo ledar. Akwai kwalbar yaji da ƙanwata ta soya, a ƙasa kuma wani abu a naɗe. Na buɗe gefensa, mayafin Mma ne, wanda take sallar asuba da shi.

Ya ce, "Ni na ce a ba ka shi. Sun so su raba wa mata."

Na ce, "Na gode."

Muka tsaya, mutane suna ta wuce mu. Ya ce, "Har yanzu, ɗan Mma?"

Na so in ce abin ya wuce. Amma ban ga amfanin in ƙara wata ƙarya a tsakaninmu ba. Na ce, "Ka gaida mutanen ɗaki." Ya jinjina kai, ya ce za su ji. Shi ya gangara wajen jirginsa, ni kuma na hau sama, don na bar mota inda ba a daɗewa, kuma Baba yana jiran maganinsa kafin azahar.